"Na Ji" Ba "Na Yarda" Ba Ce

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Abdu Tafinta, Birni, Damagaram, zuwa ga ɗana Abba, a gidan kawunsa Sule, Kano.

Abba, ina gaishe ka gaisuwar da na kasa yi maka da baki. Ina fata kun isa lafiya, hanya ba ta jigata ka ba, ka kuma tarar da kawunka da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka. Tun ran Lahadi da ka tafi take tuƙa tuwo da rabonka a ciki, in na yi magana ta ce hannunta ne ya zarce. Allah ya tsare ka inda kake, ya tsare ka cikin jirgin ƙasan da za ka shiga ran Asabar, ya sauke ka a jami'ar nan ta kurmi lafiya.

Na ba Mamman direba wannan takarda, na ce ya damƙa ta a hannunka, ba hannun kawunka ba, kuma lalle kafin Asabar. Akwai kalma guda da ka zauna kwana tara a gidan nan kana jira daga bakina, na hana ka ita, ka tafi ba tare da ita ba. Ba na so ka shiga jirgi a haka. Amma kafin in kai gare ta sai na bi ta wasu wurare da ban taɓa bi da kowa ba, ka yi haƙuri da tsawon takardar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san za ka yi mamakin ganin Hausa. Sau biyu na fara da Faransanci, sau biyu ina yagawa. Tun kana shekara bakwai kawunka ya ɗauke ka riƙo ya sa ka makarantar Ingilishi, na kuwa sani sarai Faransancinka bai wuce gaisuwa ba. Duk da haka, shekara goma sha huɗu, kowace wasiƙa na aika maka da Faransanci na rubuta ta. Daga baya innarka ta gaya mini kakan ɗauki takardar ka tafi har Fagge wurin wani tela ɗan Maraɗi ya karanta maka, yana karantawa yana dariya, don ba komai ciki sai "ina fata kana ƙoƙari, ka kiyaye lafiyarka," irin takardar da ake aika wa ma'aikacin da ya tafi hutu. Na riƙa gaya wa kaina wai don ka koyi harshen ne. Ƙarya nake yi. So nake ka ga ubanka ma ba baya ba ne wajen ilimin Nasara. Kuma da Faransanci ba sai na ce ina kewarka ba, harshen biro ne, wato ofis, ba a faɗin irin wannan da shi.

To kai ma yanzu za ka mallaki harshen da innarka ba ta ji. Kada ka mai da shi wurin ɓuya. In za ka rubuto mata, rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, ka gaya mata abin da ka ci da wanda ya ɓata maka rai da ranar da ka yi zazzaɓi. Ni zan karanta mata, na kuma yi alkawari ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Wannan alkawari ba ƙarami ba ne daga bakin mutum irina, ga kuwa dalili.

Kana da shekara biyar lokacin, ba za ka tuna ba. Ni ina tafinta a biro, ina tsayawa tsakanin kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, da mutane, in ɗauki maganar wannan in kai wa wancan. Ina ji da kaina ƙwarai. Ɗan baduku ne ni, wanda aka kama aka kai lakwal, makarantar boko, innarsa na kuka, ga shi yau da farar riga da alƙalami a aljihu, manya suna cire takalmi kafin su yi masa magana. Kumandan na lokacin ba mugu ba ne, mai gajen haƙuri ne kawai. Wata safiya ya ce mini, "Abdu, mutanenku in an tambaye su ƙarfe nawa sai su faro daga Annabi Adamu. Kai kaɗai ne ka iya magana kamar mutum." Abba, ina jin kunyar rubuta wannan: daɗi na ji. An zagi uwata da ubana da duk Damagaram a jimla ɗaya, ni kuwa na wuni ina murmushi don an cire ni daga cikinsu.

A ranar nan aka kawo shari'ar wata garka, wato lambu, ta garin Dogo. Mai ita wani manomi ne, Ɗan Azumi, dogon mutum mai furfura a gemu. Abokin shari'arsa wani ɗan kasuwa ne na unguwar Zango, ba zan kama sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, wanda ya ce garkar gadon kakarsa ce. Rana ta take, kumandan yana duban agogo, abinci na jiransa. Aka ce Ɗan Azumi ya faɗi tasa. Ya gyara zama, ya dube ni, ba Nasara ba, don ni ne nasa a ɗakin. Ya ce:

"Malam tafinta, ka gaya masa rijiyar nan kakana ya gina ta, shekarar da ruwa ya ƙi. Gaba bakwai ce. A ta shida ƙasa ta rufto ta karya masa ƙafa, da ɗingishi ya ƙarasa ta. Dabino tara ne a bakinta. Duk ɗan da aka haifa a gidanmu sai a dasa masa guda. Na uku daga rijiya nawa ne. Na ƙarshen nan da bai fara 'ya'ya ba, na ɗiyata ne da ta rasu. A je a tambayi liman, a tambayi masu garkar gabas da ta yamma, su suka san mai yashe rijiyar nan kowace bazara."

Bai tsaya nan ba, ya yi ta yi. Ni kuwa ina tsaye, ina jin nauyin kowace kalma tasa, ina cewa a raina ga shi nan, ya faro daga Annabi Adamu, yanzu Nasara zai dube ni ya ga ni ma cikinsu nake. Da ya yi shiru kumandan ya ɗaga gira. Na ce, "Ya ce garkar tasa ce."

Ɗan Azumi ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, duk maganar nan tawa ita ce ka zuba cikin numfashi guda?"

Na ce, "Baba, Turanci gajere ne." Ka san a nan Faransanci muke ce wa Turanci.

Gardin da ke tsaron bakin ƙofa ya yi dariya, ni ma na taya shi. Ban kai maganar ƙafar kakansa ba, ban kai dabino tara ba. Mafi muni, ban kai sunan shaidu ba, liman da maƙwabta, waɗanda da an kira su da magana ta ƙare a ranar.

Kumandan ya yanke cewa a raba garkar biyu: ɓangaren da ke da rijiya da dabino na mutumin Zango, sauran na Ɗan Azumi. Dokar kuwa ita ce, in duka biyu sun amince a dangwala yatsa a rufe magana. In ɗaya ya ƙi, a mayar wa alƙali a kira shaidu. Na gaya wa Ɗan Azumi hukuncin. Ban gaya masa yana da ikon ƙi ba. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Na ji."

Kai Bahaushe ne, ba sai na fassara maka ba. Kowa a ƙasar nan ya san in dattijo ya kalli ƙasa ya ce "na ji," magana ta shiga kunnensa ne kawai. Ita ce hanyar da talaka ke cewa a'a a gaban mai iko ba tare da an ce ya yi tsaurin ido ba. Na san haka kamar yadda na san sunana. Kumandan ya ce, "Me ya ce?" yana riƙe da hularsa. Na ce, "Dakor, ya yarda." Aka kama yatsan Ɗan Azumi aka shafa masa tawada. Kumandan ya tafi cin abinci, ni ma na tafi nawa, na kuma ci na ƙoshi.

Bayan kwana kaɗan labari ya kai wa kakanka, Malam Habu, wanda kake ɗauke da sunansa, ta bakin wani mutumin Dogo da ke kawo masa fata. Na dawo daga aiki na same shi a rumfarsa ta ƙofar gida yana yankan jar fata. Na gaishe shi. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Abdu, yaya ake cewa 'na ji' da Turancinku?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "To 'na yarda' fa?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Ashe biyu ce a can ma. Ni na zaci Nasara ne ba su da ita."

Sai ya ɗaga zirin fatar da ke hannunsa ya ce, "In na yanka ta yi tsawo, sai in rage. In na yanka ta gajarta, ba ni da abin yi sai in je in ba mai ita haƙuri." Ya ci gaba da aikinsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Daga ranar har ya bar duniya bai sake ba ni takarda in karanta masa ba. In an aiko masa da ita sai ya sa hula ya tafi wurin wani malamin lakwal a can Zango, yana wuce ni ina zaune a zaure. Ya gaya mini abin yi a fili, in je in ba mai ita haƙuri. Dogo ba nisa gare ta ba, kai ma ta nan motarku ta bi ran Lahadi. Shekara goma sha shida ban je ba.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga wannan. An ce mini karatun da za ka yi, littattafai za a riƙa ba ku masu kauri, na mutanen da suka daɗe da mutuwa a wata ƙasa mai sanyi, ku karanta ku faɗi abin da suke nufi, ku ma ku koyi rubuta naku. To aikina ke nan, sai dai naka a zaune ake yi. Kada ka zama mai cewa "ya ce garkar tasa ce." In mutum ya ɗauki shafi ɗari yana magana, ka zauna da shi har ka san dabinonsa nawa ne da wanda aka dasa wa kowanne. In malami ya tambaye ka abin da wuri ke nufi ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Matambayi ba ya ɓata. Ni ban taɓa cewa "ban gane ba" a gaban Nasara ba ko sau ɗaya, Allah kaɗai ya san abin da na zuba wa mutane a kunne saboda haka.

Kuma za a tambaye ka mu. A can ba wanda ya taɓa ganin Damagaram, kai ne za ka zama tafintanmu duka, ko ka so ko ka ƙi. Wata rana wani malami, Bature ko baƙi, zai dafa kafaɗarka ya ce kai ba kamar mutanenku kake ba. Zai faɗa da zuciya ɗaya, za ka kuma ji daɗi, don jinina ne a jikinka. In ka ji daɗin nan ya taso, ka tuna da ubanka tsaye yana taya gardi dariya. In kuma ka zo rubuta labarinmu da Ingilishi, ka bar mu mu yi magana da tsawonta. Mun saba a yi mana dariya, amma ba daga bakin ɗanmu ba.

Yanzu sai in zo kan abin da na yi maka, wanda ya fi kusa, ya kuma fi ƙuna.

Ka tuna, a wannan zuwan naka gida, yammacin da ka fito da ɗan littafin nan mai koren bango, na waƙoƙi, ina zaune a ƙofar gida da abokaina biyu na biro. Na ce kawo in gani. Na buɗe na fara karantawa da ƙarfi, ina furta Ingilishi da bakin Faransanci, ina lanƙwasa murya ina kaɗa hannu kamar maroƙi. Suka yi ta dariya har ɗaya yana share hawaye. Na ce, "Ku dubi ɗana. Ƙasa ta samu 'yancin kai, tana neman likita da alƙali da mai gina hanya, shi kuwa zai tafi koyon tatsuniyar Ingilishi." Kai kuma a hankali ka ce, "Baba, ba haka ake faɗinta ba. Waƙar wani mutum ce da..." Na katse ka na ce ban tambaye ka ba. Ka karɓi littafinka da hannu biyu ka shiga gida.

Ban gane ko kalma ɗaya a shafin nan ba, Abba. Abin da ya ci ni ke nan. Shekara ashirin da wani abu ni ne mai harshe a unguwar nan, ni ake kawo wa takarda, sai ga ɗan cikina riƙe da littafin da na zama jahili a gabansa kamar yadda Ɗan Azumi ya zama a gabana. Hassada ce, ba kishin ƙasa ba. Uba yana hassadar ɗansa, abin kunya ne a faɗa, amma ya fi kunya a yi shi a kuma sa masa rigar nasiha. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na daɗe da naɗa shi. Idan wata rana ɗalibinka ko ƙanenka ya san abin da ba ka sani ba, ka matsa masa a tabarma ka ce ya koya maka.

Washegari ka same ni a zaure, ka durƙusa. Ka ce an ba ka gurbi a jami'a da bursu, wato tallafin karatu, kawunka ya amince, amma ba ka so ka tafi sai da yardata. Ka yi bayani mai tsawo, a natse, kana kallon tabarma: cewa harshe ma aiki ne, cewa ƙasa sabuwa za ta bukaci masu karanta abin da aka rubuta a kanta, da masu rubuta nata. Na bari ka gama. Na kalli ƙasa na ce, "Na ji."

Na ga fuskarka. Ka gane, da ma don ka gane na faɗa. Ban da ƙarfin halin in hana ka, don na san gaskiya gare ka, ban kuma da girman zuciyar in sake ka. Sai na ɗauki kalmar talaka, wadda yake kare kansa da ita a gaban mai iko, na juya ta na doki ɗana da ita, alhali ni ne mai ikon. Kwana tara kana gaishe ni safe da yamma, kana ɗan jinkirtawa a bakin ƙofa ko zan ƙara wani abu. Ni kuwa sai in tambaye ka ko an ba akuya ruwa.

Ran da ya rage kwana ɗaya ka tafi, innarka ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Malam, kai da magana ce abincinka, ka rasa kalma guda ta ba ɗanka?"

Na ce, "Ai na ce na ji."

Ta ce, "Ni ma na ji ka ce ka ji."

A tashar Zango ka durƙusa a gaban mutane, na ce "Allah ya kiyaye hanya," abin da nake ce wa kowane fasinja. Mota ta tashi kana leƙe ta baya. Na juya tun ba ta sha kwana ba, wai kada a ga idona.

Ran Litinin na je biro. Ka san tun da Nasara suka fara miƙa mulki muke ta kwashe tsofaffin takardu, muna jera su ga sababbin shugabanni. Ina ɗaga wata rajista da gara ta ci a gefe sai ta buɗe, kamar an sa ta. Ga rubutuna, kyakkyawa, mai lanƙwasa, irin wanda mushe, malaminmu, ke yaba mini a lakwal: garkar Dogo, ɓangarori biyu sun amince. Ga yatsan Ɗan Azumi a ƙasa, tawadar ta koma ja-ja. Na zauna a kan akwati. Na ce wa kaina, kai ne jiya-jiya ka ce karatun kalmomi wasa ne. Ga kalma guda da ka ɗauka ka ajiye ba a wurinta ba, ta raba mutum da rijiyar kakansa shekara goma sha shida.

Jiya Talata na shiga motar Magarya na sauka a Dogo. Gero ya nuna, wasu har sun fara yanka. Na yi tambaya aka nuna mini gidan, ina fata a raina a ce ya rasu, ka ga irin zuciyar ubanka. Yana nan. Na same shi gindin bishiyar bedi yana tufkar igiya, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Na yi sallama. Ya tsai da hannu, ya karkata kai, ya ce, "Wannan murya na san ta. Mai gajeren Turanci ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Zauna. Nasara sun tafi sun bar ka?"

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, na zo neman gafara, na yi maka kuskure." Ka ga hali, ko a nan ma gajarta ta na so in yi.

Ya ce, "Wane kuskure? Faɗa mini duka. Ni ba Nasara ba ne, ba na sauri."

Na faɗa masa duka. Yabon da kumandan ya yi mini da safe, da daɗin da na ji. Kunyar maganarsa da na ji. Shaidun da ban kai ba, da ikon ƙin da ban gaya masa yana da shi ba. Da yadda ya ce abu kaza na ce abu kaza, ina sane. Na ce masa zan je gaban alƙali in faɗi haka da bakina, in sa hannu, ko da zai ci mini aiki, a sake duba maganar garkar da magadan mutumin Zango. Zan kuwa je, gobe in Allah ya kai mu, bayan na ga tashin Mamman. Ban san ko zai yi amfani ba, magana zarar bunu ce.

Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ko sau ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai, fuskarsa na kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Na ji."

Na jira. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Na jira har inuwa ta gusa daga kanmu, ko zai ƙara wani abu. Can ya ɗaga murya ya kira surukarsa ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Ta kawo a ƙwarya. Ya ce, "Sha, na rijiyar ne. Roƙa muke yi yanzu, amma ruwan bai canza ba." Na sha. Na yi masa sallama, ya ce in gai da gida.

Ba ni da abin cewa a kansa. Haƙƙinsa ne, in ya so ya riƙe har gaban Allah, ni na jawo. Amma a mota ina dawowa ba shi nake tunani ba, kai nake tunani. Ni awa guda na zauna ƙarƙashin kalmar nan, na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji, kuma da laifina. Kai kwana tara ka yi, ba ka yi mini komai ba sai biyayya, ka kuma ɗauke ta ka tafi da ita Kano, za ka wuce da ita kurmi ka yi shekara uku kana buɗe littafi da ita.

Saboda haka ka karanta wannan da kyau, da Hausa na rubuta, ba tafinta tsakaninmu. Abba, na yarda. Na yarda ka tafi, na yarda da karatun da ka zaɓa, ba don na rasa yadda zan yi ba, sai don ka fi ni gaskiya. Na sa maka albarka, duniya da lahira. Abin da na yi maka a ƙofar gida gaban abokaina, da wanda na yi maka a zaure, ka yafe mini.

Mamman zai ba ka ƙunshi biyu. Ɗaya kilishi ne da dabino daga innarka, ta ce kada ka rabar duka a jirgi don ta san halinka. Ɗayan jakar jar fata ce, ita ce ta ƙarshe da kakanka ya ɗinka da hannunsa. Ni ya kamata ya ba, bai ba ni ba, a ƙarƙashin shimfiɗarsa muka same ta. Ka sa littafin nan mai koren bango a ciki. In ka samu zama, ka rubuto mini abin da waƙar nan ta ce, wadda na hana ka ƙarasawa. Wane mutum ne, me ya same shi? Ka rubuto duka, kada ka gajarta mini, ko za ta ci takarda goma.

Ka riƙe salla, ko da kai kaɗai ne mai yi a ɗakinku. Ka ci abincin mutane kada ka yatsina fuska, su ma namu baƙo ne a wurinsu. Ka gai da kawunka Sule, ka ce na gode da riƙon da ya yi maka, ya yi abin da ban yi ba. In ka amsa wannan takarda, ka amsa da abin da ke ranka. In "na ji" ce ta zo maka, rubuto ta haka nan, zan gane, zan kuma jira.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Allah ya buɗa maka abin da ka je nema, ya sa ka fi ubanka riƙon amanar magana, ya dawo mana da kai Damagaram muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Abdu